Rawar mariƙi: yadda na yi fama da bindigar iskata

Na fi wata biyu ina ɗora wa harsashi laifi, ashe abin yana cikin tafin hannuna.

Bindigar ƙarama ce ta hannu, irin wadda ake yi wa famfo kafin kowane harbi, tana cin ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5. Ba ta gasa ba ce, amma takardar gasa nake kafa mata a tazarar mita 10, inda da'irar maki goma ba ta wuce milimita 11.5 a faɗi ba. A da, in na natsu, harbi goma kan taru wuri guda da murfin kwalba zai rufe. Sai abin ya fara watsewa, kuma watsewar gefe-gefe ce, hagu da dama. Na canza gwangwanin harsashi. Na goge cikin bututu. Na yi ta murɗa saitin baya, wato 'yar tsagar da ido ke leƙawa wajen auna abin harbi, har na manta inda yake tun asali.

Wani dattijo da muke atisaye tare, wanda kowa ke ce wa Baba, shi ya karɓe ta wata rana. Ya buɗe ya tabbatar babu komai a ciki, ya riƙe bututu da hagu, mariƙi da dama, ya ɗan murɗa kamar mai matse tsumma. Sai ga ƙara, ƙyas-ƙyas.

"Ɗana, ai wannan rawa take yi a hannunka. Kai ba ka ji?"

Na ce, "Wallahi Baba ban taɓa ji ba."

Ya ce, "Ba za ka ji ba, tunda a hankali ta fara, hannunka ya saba."

A raina na so in yi gardama. Saitin gaba da na baya duk a jikin ƙarfe suke, tare da bututu. In sun daidaita da takarda, ina ruwan harsashi da abin da roba ke yi a hannuna? Sai da na zauna na yi lissafi na gane. Yatsa yana matsa kunama, sauran hannu yana riƙe da mariƙi. In akwai wasa tsakanin mariƙi da ƙarfe, matsin yatsan nan shi zai fara cinye wasan, bututu ya karkace a daidai lokacin da bai kamata ya motsa ba. Ga shi harsashin irin wannan bindiga ba shi da saurin na albarushi, gudunsa wajen mita 150 ne a sakan ɗaya, don haka ya fi jimawa a cikin bututu, duk motsin da aka yi yana tafiya da shi. Karkata ta kashi ɗaya cikin goma na digiri ɗaya tana zama milimita 17 da ɗoriya a mita 10. Da'irar goma ba ta kai haka ba.

Da na koma gida na yi abin da kowa zai yi. Na ɗauko sukundireba na ɗaure sukuru biyun da ke riƙe da robobin nan biyu na gefe, waɗanda ni kumatu nake kiransu, kuncin hagu da kuncin dama. Rawa ta tsaya. Bayan harbi talatin ko arba'in ta dawo. Na sake ɗaurewa. A karo na uku haushi ya kama ni, na dafe bindigar a kan tebur na murɗa sukurun hagu da ƙarfin tsiya. Na ji ƙas. Sukundireban ya zame ya ci bakin sukurun, ya ja wa robar zane, kuma da na duba da kyau sai ga tsaga siririya ta fito daga ƙarƙashin kan sukurun. Garin neman gira na kusa rasa ido. Mafi ban haushi, rawar tana nan.

Kwana biyu ban taɓa ta ba. Ranar da na dawo kanta, na shimfiɗa farin tawul, na kawo fitila mai haske da ƙaramin faranti na zuba sukuru.

Kafin komai sai da na kwance mata ɗamara. Na buɗe mazaunin harsashi, na zura siririn tsinken roba ta baki har na ga kansa ya leƙo ta baya, sannan na ɗana na harba babu harsashi, baki na kallon inda babu kowa, don duk iskar da ta rage ta fita. Irin mai famfo ba ta damu da wannan ba. Mai sifirin kuwa, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ake dannewa ya dawo, wadda ake karya bututunta a ɗana, ba a harba ta wayam, fistin zai daki bango ya lalace. Mai ƙaramar tukunyar gas ta giram 12 ita ce ta fi buƙatar kula, domin da yawansu a cikin mariƙin tukunyar take zama, kuma matsin gas ɗin yana kai awon "bar" 57, wato ninkin matsin iskar da muke shaƙa fiye da sau hamsin, a yanayin zafi digiri 20. Sai an ƙarar da shi an cire tukunyar kafin a sa hannu.

Daga nan na yi abin da ya kamata in yi tun farko, wato neman inda motsin yake. Na riƙe ƙarfen gam da hannu ɗaya, na dinga taɓa kowane kunci shi kaɗai. Ashe rawa uku ce ta haɗu ta zama ɗaya. Kuncin dama yana shiga yana fita, kamar sukurunsa bai kama shi ba, alhali sukurun ya ɗauru tamau. Kumatun biyu duka suna juyawa gaba da baya a kan sukurunsu, kamar hannun agogo. Sannan da na cire su gaba ɗaya na kama ƙashin mariƙin, wato ƙarfen da kunama ke ciki, sai na ji shi ma yana ɗan motsi a jikin bututun famfo.

Na fara da kuncin dama, don shi ya fi ɗaure mini kai. Ta yaya sukuru zai ɗauru abin da yake riƙewa kuma ya kasance sako-sako? Na mayar da sukurun cikin raminsa babu kuncin, na murɗa da yatsa har ya tsaya, na auna abin da ya rage a waje. Sai na auna kaurin robar a inda kan sukurun ke zama. Abin da ya rage a waje ya fi kaurin robar da kusan rabin milimita. Ma'ana sukurun ya kai ƙarshen raminsa, ya tokare, kansa bai kai ga danne komai ba. Roba in ta daɗe a ƙarƙashin matsi lotsawa take yi sannu a hankali, ba ta dawowa. Shekaru sun ci wurin, ɗaure-ɗaurena na kwanan nan ya ƙarasa. Duk ƙarfin da na dinga sawa a wannan gefen, a kan tiredin ƙarfe yake ƙarewa, wato zanen cikin rami da sukuru ke bi yana shiga, kuma ƙashin nan ƙarfen zubi ne mai laushi, tiredinsa ba ya jure wulaƙanci. Allah ne ya rufa asiri bai cinye ba.

Maganin wannan biyu ne: a rage tsawon sukuru, ko a sa wosha a ƙarƙashin kansa. Tunda na riga na ɓata bakin sukurun hagu, sai na ce bari in nemi sababbi duka. A gwangwanin tarkacena na sami guda biyu masu kama da su sak. Na sa ɗaya da yatsa, ya shiga zagaye biyu lafiya, a na uku ya cije. A nan na tsaya, kuma na gode wa Allah da yatsa nake murɗawa ba da sukundireba ba. Nawa na asali awon inci ne, wanda ake rubutawa 8-32, wato tiredi 32 a inci ɗaya, tazarar kusan milimita 0.79 tsakanin kowane biyu. Wanda na tsinto M4 ne, mai tazarar milimita 0.7. A ido babu bambanci. Bindigogin da aka ƙera a Amurka galibi awon inci suke bi, na Turai kuma awon milimita, kuma duk wanda ya tilasta wa ɗaya shiga ramin ɗaya ya gama da ramin.

Sai na koma kan nawa na asali. Na sami noti mai tiredi irin nasa na ɗaura masa tukuna har can sama, na kama notin da filaya, na ci kusan milimita ɗaya daga ƙarshen sukurun da magagari, na ɗan zagaye bakin. Amfanin notin shi ne, lokacin fitar da shi yana gyara tiredin da magagari ya murƙushe. Na gyara tsagar kan na hagu da siririn magagari. Shi kuma sukundireban da ya jawo mini abin kunya, na goge bakinsa a dutse har gefensa biyu suka miƙe, faɗinsa ya cika tsagar sukurun daidai. Na gida bakinsa kamar gatari yake, yana shiga yana neman hanyar fita, shi ya sa yake zamewa.

Wani abu da ya sa ban yi sha'awar sa sukuru mai tsawo ba: sifirin ɗin kunama a cikin wannan ƙashi yake. A bindigar da raminta ya zarce har ciki, sukurun da ya yi tsawo zai iya tokare kayan kunama, kuma wannan ya wuce maganar rawa.

Tsagar kuncin hagu ba ta ba ni wahala sosai ba. Na huda ɗan ƙaramin rami a daidai inda ta ƙare don kada ta ci gaba da tafiya, na kankare bayan robar da samfefa, na wanke da sifirit, na cike kewayen wurin da gam ɗin ifoksi mai haɗi biyu. Ban sa gam mai kamawa nan take ba, don in ya bushe ƙamas yake yi, ba ya son wurin da ake matsawa ana saki.

Juyawar nan irin ta hannun agogo ita ta ci mini lokaci. Sukuru ɗaya ba ya hana abu juyawa, komai ɗaurinsa. Aikinsa dannewa ne kawai. Abin da ke hana juyawa wasu 'yan turaku ne na roba a bayan kowane kunci, da ke shiga ramuka a jikin ƙashin. Nawa sun side, ɗaya ma ya kusa shafewa. Da farko na yi dabarar gaggawa, na yanka tsohon tub ɗin keke na shimfiɗa tsakanin kunci da ƙarfe. Ƙarar ta ɗauke, sai dai mariƙin ya koma kamar soso, in na matsa yana ba da kai, in na saki yana dawowa. Wanda harbin gwangwani kawai yake yi a bayan gida, wannan ya ishe shi. Ni da nake ƙirga maki, ban ga amfanin musanya rawa mai ƙara da rawa marar ƙara ba. Na cire, na gwada naɗa salatif a jikin turakun. Wannan ya fi, ya kai mako guda, sannan salatif ɗin ya murje ya bar danƙo.

Da na kai wa Baba ƙorafi sai ya yi dariya.

"Yi mata shimfiɗa da gam mana. Amma ka ji ni da kyau, ka shafe ƙarfen da mai. In ka manta, kai da buɗe ta sai a lahira."

Dabarar ita ce a bar gam ya ɗauki siffar ƙarfen, ya manne da roba, amma kada ya manne da ƙarfe. Na kankare cikin kowane kunci a wuraren da yake haɗuwa da gefen ƙashin, sama da ƙasa, na wanke. Na shafe ƙashin da man goge takalmi marar launi, na bari ya bushe, na goge, na sake shafawa. Na shafe sukuru ɗin ma har cikin tiredi. Duk wani rami ko lungu da gam zai iya shiga ya yi ƙugiya, na toshe da yumɓun wasan yara, musamman ɓangaren da ke kallon kunama da sifirin ɗinta. Na zaɓi ifoksi mai jinkirin bushewa, ba na minti biyar ba, don in sami sararin gyara zama. Na bari ya ɗan yi kauri bayan na dama, sannan na ɗiga shi wuri huɗu a kowane kunci, kowane ɗigo bai fi kan ashana biyu ba. Gefe ɗaya na fara yi, ban haɗa biyun rana ɗaya ba. Na ɗora, na murɗa sukurun har ya taɓa kawai, na share abin da ya ɓullo ta gefe, na ajiye.

Bayan awa 24 na kwance sukurun, ya fito sumul. Kuncin kuwa ya ƙi motsi. Na ja, shiru. Gabana ya faɗi, maganar Baba ta dawo mini. Na ɗauki ƙotar sukundireba na ƙwanƙwasa gefensa sau uku a hankali, sai ya saki da ɗan sauti, ɓas. A bayansa ga hoton ƙarfen nan ya fito a jikin gam, har da 'yan layukan zubi. Na mayar da shi babu sukuru, na juya bindigar, bai faɗo ba. Washegari na yi wa ɗayan.

Saura ƙashin kansa. Sukuru biyu ke riƙe da shi a jikin bututun famfo, ɗaya gaban kunama, ɗaya can baya. Da ɗaurewa kawai na yi da an wuce wurin, amma na ce bari in cire shi in wanke tiredin. Ina ɗaga shi na ji wani abu ya yi tsalle ya bugi tebur, tik, ya ɓace. A irin wannan ƙira, makullin kunama yana da ɗan sifirin da ƙwallon ƙarfe wanda bai kai kan ashana ba, kuma bututun da ke samansu ne kawai ke danne su. Ka raba ƙashi da bututu, sun sami 'yanci. Ni da ƙanina muka yi rarrafe a ƙasa kusan awa guda, yana jan maganaɗisun tsohuwar sifika a kan daɓe.

"Yaya, wai wannan ɗan abin ne ya sa ka gumi haka?" in ji shi, da ya ɗago maganaɗisun da ƙwallon manne a gefe.

Wannan ɗan abin shi ke sa makulli ya tsaya inda aka tura shi. Babu shi, makulli zai dinga zamewa da kansa tsakanin kulle da buɗe. Wajen mayarwa na sa hannuwana da bindigar a cikin babbar leda mai haske, na ɗan shafa girisi ya riƙe ƙwallon a kan sifirin, sannan na saukar da bututun a hankali.

A kan waɗannan sukuru biyu ne kaɗai na sa ruwan kulle tiredi, shuɗin, wanda ake iya kwancewa da sukundireba. Jan ba na nan ba ne, shi sai an gasa da wuta yake saki. Na wanke tiredin da sifirit, na ɗiga ɗigo ɗaya a jikin sukuru, ba a cikin rami ba. Sukurun kumatu kuwa ban bari ya kusance su ba, domin wannan ruwa yana cin wasu nau'o'in roba, ya sa su tsattsage bayan kwanaki, kuma na riga na ga tsaga ɗaya ta ishe ni. Su ƙaramin zoben roba na sa wa kowanne a ƙarƙashin kai. Zoben yana riƙe da matsi ko da robar kuncin ta ƙara lotsawa, kuma yana hana sukurun warwarewa. Na murɗa da yatsa uku a kan sukundireba har ya zauna, na ƙara kwatan zagaye, na tsaya. Sai na ja ɗan layi da fensir daga kan kowane sukuru zuwa jikin roba, don in ya motsa in gani da ido.

Masu mariƙin katako nasu ya ɗan bambanta. Katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, don haka mariƙin da ya zauna daram lokacin damina zai iya fara rawa in iska ta bushe, ba tare da wani abu ya lalace ba. Wanda ya ɗaure shi tamau a lokacin bushewa, in danshi ya dawo yana iya tarar da tsaga. Masu shiga gasa kuma in za su yi ciko su tuna da akwatin awo: dokar ƙungiyar harbi ta duniya, ISSF, ta ce bindigar mita 10 sai ta shiga akwati mai milimita 420 a tsawo, 200 a tsayi, 50 a kauri. Cikon da ya tura kumatu waje zai iya cinye wannan 50 ɗin.

Tunda na taɓa gidan kunama, ban sa harsashi ba sai da na gwada ta wayam. Na ɗana, na kulle, na ja kunama da ƙarfi, ba ta tashi ba. Na buɗe makulli, na bubbuga gindin mariƙin da tafin hannu ta kowane gefe, ba ta tashi da kanta ba. Na maimaita sau biyar, sannan na bar ta kwana ɗaya ruwan kullen ya kama.

Harbi goman farko sun taru, amma can dama da tsakiya, kusan faɗin yatsa biyu. Wannan aikin hannuna ne, sakamakon murɗe-murɗen saitin da na yi ta yi lokacin da nake farautar laifin da ba a nan yake ba. Saitin baya ana tura shi ne zuwa inda ake son harsashi ya koma, don haka na dinga matsar da shi hagu kaɗan-kaɗan, harbi biyar tsakanin kowane gyara, har taron ya hau baƙin. Watsewar gefe-gefe ta tafi. Abin da ya rage shi ne ɗaya ko biyu cikin goma da ke faɗawa ƙasa ta hagu, kuma da na nuna wa Baba takardar bai ko karɓi bindigar ba, yatsana ya nuna. Mai harbi da dama in yana fizgar kunama maimakon matsa ta a hankali, can harsashinsa ke zuwa.

Yanzu na ƙarar da gwangwani guda na harsashi 500 tun bayan gyaran. Layin fensir na dama yana inda na ja shi. Na hagu, gefen da ya tsage, ya gusa kamar kaurin gashi. Na mayar da shi, na sake jan layi, na rubuta ranar a murfin gwangwanin na biyu.